Kututture a Harabar Gida: Yadda Ake Niƙe Shi da Abin da ke Biyo Baya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sare itace a cikin gida ya san cewa da faɗuwar itacen tsugune ba ta ƙare ba. Rassa sukan tafi murhu, gungume ya tafi wurin masassaƙa ko masu tsaga katako, amma kututture yana nan daram inda yake. Yara su yi tuntuɓe da shi, mota ta kasa wucewa, mai gida ya so yin daɓe ko ƙarin ɗaki ya rasa yadda zai yi. Bayan damina guda kuma sai a ga ya fito da sabon toho, ko kuwa gara ta mai da shi gidanta, daga nan ta nufi azara da ƙyauren ɗaki.

A garuruwanmu akan tunkari kututture da diga da gatari da shebur, ko kuma a cinna masa wuta. A Amurka da Turai da Ostareliya kuwa, inda gidaje da yawa suke da filin ciyawa a gaba ko a baya, an fi amfani da wani inji wanda ke niƙe kututturen a inda yake har ya zama ɓarɓashi. Wannan darasi zai duba yadda injin yake aiki da kuma dalilan kimiyya da suka sa aka ƙera shi haka. Zai kuma nuna cewa abin da injin ke cirewa kaɗan ne daga cikin abin da itace ya bari, domin mafi yawansa yana ƙarƙashin ƙasa, kuma shi ne ke yanke hukuncin abin da zai faru da wurin a shekarun da ke tafe.

Abin da ke Ƙarƙashin Kututture

Mutane da yawa suna zaton saiwoyin itace suna nutsewa ƙasa ne daidai tsawon da itacen ya yi a sama. Binciken masana ya nuna ba haka abin yake ba ga yawancin itatuwa. Saiwa tana bukatar iska domin numfashi, iska kuwa ta fi yawa a kusa da fuskar ƙasa. Saboda haka mafi yawan saiwoyi suna cikin santimita 60 na farko, kuma suna bazuwa gefe-gefe har su ninka faɗin inuwar itacen sau biyu ko sau uku. Akwai itatuwan ƙasashe masu ƙarancin ruwa, irin su gawo, waɗanda ke tura uwar saiwa mita masu yawa domin neman ruwa, amma su ma suna da saiwoyin gefe. Ke nan mangwaron da ke tsakar gida yana iya samun saiwa a ƙarƙashin zaure, har ma a gidan maƙwabta.

Waɗannan saiwoyi rumbu ne. Abincin da ganye ya haɗa da taimakon hasken rana, itace yakan ajiye wani kaso nasa a cikin saiwa da gindi a matsayin sitaci. Bugu da ƙari, a ƙarƙashin ɓawon gindi akwai ƙananan idanun toho da suke kwance ba su motsi. Abin da ke hana su tashi shi ne wani sinadari mai suna oksin, wanda kawunan rassa suke samarwa su turo shi ƙasa. Da zarar an sare itace, oksin ya yanke, sai waɗannan idanu su farka, su ci daga rumbun sitacin nan su fito. Wannan shi ne dalilin da ya sa darbejiya da turare da sabara da kalgo suke tohowa bayan an sare su. Giginya da kwakwa kuwa wurin girmansu guda ɗaya ne tak, a can ƙoli, saboda haka idan aka sare su sun mutu ke nan. Haka ma yawancin itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura, irin su fayin, ba su tohowa daga kututture.

Daga Gatari Zuwa Inji

Cire kututture tsohuwar wahala ce ga manoma a ko'ina. Turawan da suka share dazuzzukan Amurka sun yi ta fama da sarƙa da shanu da dawakai. Bayan da Alfred Nobel ya yi rajistar nakiyar dainamait a shekarar 1867, manoma suka koma tarwatsa kututturai da ita, musamman a farkon ƙarni na 20. Wannan dabara tana yiwuwa a gona, amma ba mai hankalin da zai tada nakiya kusa da bangon ɗakinsa. Tumɓukewa da katafila ita ma tana farfasa daɓe da bututu, ta bar ƙaton rami.

A cikin shekarun 1950 ne kamfanin Vermeer, wanda Gary Vermeer ya kafa a shekarar 1948 a garin Pella na jihar Ayowa a Amurka, ya fito da injin cin kututture. Hikimar da ke ciki ita ce, maimakon a yi kokawa da dukkan saiwoyi a lokaci guda, sai a riƙa gutsurar kututturen kaɗan-kaɗan a inda yake, a bar saiwoyin nesa su ruɓe da kansu. A yau kamfanoni da dama suna ƙera irinsa. Akwai ƙanana masu ƙarfin doki wajen 13, waɗanda mutum ɗaya ke turawa da hannu, suna kuma iya shiga ta ƙaramar ƙofar gida. Akwai kuma manya masu tafiya da kansu a kan tayoyi ko sarƙa.

Yadda Injin Yake Aiki

Zuciyar injin wani faifan ƙarfe ne mai nauyi, a tsaye kamar tayar keke, wanda aka jera wa haƙora a bakinsa da gefunansa. Inji mai shan fetur ko dizal ne ke juya shi. Kafin a fara, akan rage tsawon kututturen da injin zarto har ya kusa ƙasa, a kuma tsince duwatsu da ƙarafa da ke kewaye. Daga nan mai aiki zai saukar da faifan a bakin kututturen, ya kaɗa shi daga dama zuwa hagu, ya ɗebe 'yan santimita kaɗan, ya ƙara saukar da shi, ya dawo daga hagu zuwa dama. Idan ya kai zurfin da ake so sai ya matsa gaba. Domin shuka ciyawa akan niƙa zuwa zurfin santimita 15 zuwa 30 ƙasa da fuskar ƙasa, a kuma bi manyan saiwoyin da suka taso sama a cinye su.

Mai karatu zai iya tambaya, me zai hana a yi wannan aiki da injin zarto? Amsar tana cikin taurin abubuwa. A shekarar 1812 wani masanin ma'adinai Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin tauri daga 1 zuwa 10, inda duk abin da ke sama yake iya karce na ƙasa da shi. Daimon shi ne na 10. Ma'adinin kwaz, wato farin dutsen nan mai ƙyalli wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin yashi, yana mataki na 7. Ƙarfen wuƙa da na gatari kuwa yana wajen 5 da rabi zuwa 6 da rabi. Ke nan yashi ya fi ƙarfe tauri, shi ya sa ake wasa wuƙa a kan dutse, shi ya sa kuma zarto ke dakushewa nan take idan ya taɓa ƙasa. Kututture kuwa cuɗe yake da yashi da tsakuwa.

Saboda haka akan liƙa wa bakin kowane haƙori wani abu mai suna tangistin kabaid, wanda taurinsa ya kai wajen 9. Ana samar da shi ta hanyar haɗa ƙarfen tangistin da kabon, sannan a ɗaure garinsa da ƙarfen kobal cikin zafi mai tsanani. Karl Schröter ne ya gano wannan hanya a Jamus a shekarar 1923. Irinsa ne ke bakin ƙarfen da magina suke huda kankare da shi. Sai dai tauri yana tafe da saurin karyewa: idan haƙorin ya daki dutse ko rodi yakan ɓantare, shi ya sa ake ɗaura haƙoran da kusoshi masu warwaruwa domin a iya sauya su ɗaya-ɗaya.

Ɗan Lissafi

Bari mu ƙaddara muna da kututture mai faɗin santimita 60. Rabin faɗinsa 30 ke nan. Faɗin fuskarsa zai zama 22/7 × 30 × 30, wato kimanin murabba'in santimita 2,830. Idan ya taso sama da santimita 10, aka kuma niƙa shi zuwa zurfin santimita 25, jimla 35 ke nan. Idan muka ninka 2,830 da 35 za mu sami kimanin 99,000, wato kusan lita 100 na itace. Amma itace idan ya zama ɓarɓashi yakan kumbura kimanin ninki biyu da rabi saboda iskar da ke tsakanin gutsattsarin. Saboda haka wannan kututture zai ba da wajen lita 250, fiye da cikin duro mai lita 200, ban da ƙasar da ta cuɗu da shi. A lura kuma, idan faɗin kututture ya ninka sau biyu, aikin ninki huɗu yake yi, domin ana ninka rabin faɗin ne da kansa.

Lissafi na biyu ya shafi gudu. A ce faifai yana da faɗin santimita 40, yana kuma juyawa sau 1,000 a minti. Kewayensa santimita 126 ne, saboda haka kowane haƙori yana tafiyar mita 1,260 a minti guda, wato mita 21 a daƙiƙa, ko kilomita 75 a awa. Duk tsakuwar da haƙorin ya ɗauka da irin wannan gudu zai wurga ta.

Matakan Kariya

Daga wannan lissafi za a gane dalilin da ya sa ake kafa shinge na katako ko tamfal kewaye da wurin aiki, ana kare tagogi, ana kuma nisantar da yara da dabbobi. Mai aiki dole ya rufe idonsa da fuskarsa, ya sa takalmi mai ƙarfi, ya guji tufafi masu lilo kamar babbar riga ko rawani. Dole kuma ya toshe kunnuwansa, domin ƙarar da ta wuce desibel 85 tana lalata ji idan aka daɗe a cikinta, ƙarar waɗannan injuna kuwa ta wuce haka. Ba a kuma taɓa faifai sai an kashe inji ya tsaya cak.

Haɗari mafi girma shi ne wanda ido ba ya gani. A harabar gida akan binne bututun ruwa da wayar lantarki da bututun magudana, a wasu ƙasashe har da bututun iskar gas, kuma wani lokaci a zurfin da faifai ke kaiwa. A Amurka, tun shekarar 2007 akwai lambar waya 811 da ake kira kafin a yi haƙa, sai kamfanoni su zo su yi alama a ƙasa da fenti ko ƙananan tutoci: ja domin lantarki, rawaya domin gas, shuɗi domin ruwan sha, kore domin magudana. Inda babu irin wannan tsari, wajibi ne a tambayi wanda ya gina gidan, a bi sawun famfo da mita, a kuma tona gefen kututture da hannu a hankali. Wannan ƙa'ida ta hau kan mai diga kamar yadda ta hau kan mai inji. Rigakafi dai ya fi magani.

Bayan Inji Ya Tafi

A nan ne aikin halittun ƙasa yake farawa. Kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na busasshen itace wani sinadari ne mai suna selulos, wanda sarƙa ce ta sukari. Kashi 20 zuwa 30 kuma lignin ne, wanda ke ɗaure zaruruwan selulos kamar yadda siminti ke riƙe rodi. Lignin yana da wuyar narkewa ƙwarai, kuma halittun da suka fi iya cin sa su ne waɗanda masana ke kira fangas, wato dangin funfuna da naman kaza. Wasu suna cin lignin su bar itacen fari mai laushi, wasu kuma suna cin selulos su bar shi ruwan ƙasa yana farfashewa. Naman kazan da ke fitowa a filin gida shekara guda ko biyu bayan an niƙe kututture alama ce ta cewa ana cin saiwoyin da ke ƙasa. Ruɓewar takan ɗauki shekaru, gwargwadon irin itacen da girmansa da danshin wurin da zafinsa. Yayin da saiwoyi ke ruɓewa ƙasa takan lotsa, saboda haka ba a aza harsashin gini a kan kututturen da aka niƙa, sai an tone shi duka.

Abu na biyu shi ne yunwar nitirojin. Bakteriya da fangas masu cin itace suna bukatar kabon domin ƙarfi, da nitirojin domin gina jikinsu. Abincin da ya fi dacewa da su shi ne mai kimanin kashi 25 zuwa 30 na kabon ga kashi ɗaya na nitirojin. Itace kuwa yana da ɗaruruwan kashi na kabon ga kashi ɗaya na nitirojin. Saboda haka idan aka cuɗa ɓarɓashi da ƙasa, waɗannan halittu sukan kwashe nitirojin ɗin da ke cikinta domin cike giɓi, su riga saiwar shuka. Sai a ga ciyawa ko fulawar da aka shuka a wurin ta yi rawaya ta tsumbure. Nitirojin ɗin bai ɓace ba, zai dawo idan halittun sun mutu sun ruɓe, amma kafin nan shuka ta wahala. Maganin abin shi ne a kwashe ɓarɓashin daga ramin, a cika shi da ƙasa mai kyau har ta ɗan yi tozo. Shi kuwa ɓarɓashin a shimfiɗa shi a bisa ƙasa a gindin wasu itatuwa, kaurin santimita 5 zuwa 10, ba tare da ya taɓa jikinsu ba. A can yana tare danshi yana hana ciyawa, kuma tun da bai cuɗu da ƙasa ba cutarwarsa kaɗan ce. Ana kuma iya tara shi da kashin dabbobi ya zama taki. Mai son dasa sabon itace gara ya matsa mita guda ko fiye daga tsohon gurbin.

Abu na uku shi ne cuta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kututture kuwa ƙofa ce buɗaɗɗiya. Akwai wani fangas mai suna Armillaria wanda ke zama a matattun saiwoyi, ya miƙa baƙaƙen zaruruwa kamar igiyar takalmi ta cikin ƙasa, ya kama itatuwa masu rai ya kashe su. A dajin Malheur na jihar Oregon a Amurka an sami guda ɗaya da ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 9, yana cikin halittu mafi girma da aka sani a duniya. Idan irin wannan cuta ce ta kashe itace, niƙa saman kututture bai wadatar ba, sai an tone shi da manyan saiwoyinsa an ƙone. A ƙasashe masu zafi irin namu kuwa gara ce babbar damuwa, domin mataccen itace a cikin ƙasa abincinta ne, musamman idan yana kusa da gini.

Abu na huɗu shi ne toho. Niƙa takan cinye idanun tohon da ke gindi, amma wasu itatuwa, ciki har da darbejiya, suna iya tohowa daga saiwa. Idan ana yanke tohon da zarar ya fito, kafin ganyensa ya mayar wa saiwa abinci, rumbun sitaci zai ƙare itacen ya mutu. Wasu sukan shafa maganin kashe ciyawa a zoben da ke ƙarƙashin ɓawo nan da nan bayan sara, amma wannan sai da bin umarnin da ke jikin kwalba, kuma maganin yana iya bi ta saiwa ya cutar da itacen kusa idan saiwoyinsu sun haɗe. Ƙonawa kuwa tana da nata haɗarin, domin wuta tana iya ci gaba da cin saiwa a ƙarƙashin ƙasa kwana da kwanaki ba a sani ba.

Ba Kowane Kututture Ake Kashewa Ba

Wannan ƙarfin toho da ke damun mai gida a birni, a gona arziki ne. A shekarar 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na kututturan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, masu cikakkun saiwoyi a ƙasa. Idan aka zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi aka sassabe sauran, sukan girma da sauri fiye da dashe, domin saiwarsu ta riga ta kafu. Manoma suka rungumi wannan dabara, suna koya wa juna, har aka ƙiyasta cewa ta farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. An ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a shekarar 2018. Saboda haka kafin a kashe kututture, ko a gida ne, ya kamata a tambayi kai ko wurin yana bukatar inuwa, ko kuma kututturen ya yi nisa da bango yadda za a iya barin toho ɗaya ya zama itace.

Aikin Gwaji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai yunwar nitirojin da kayan da ba su da tsada. A sami gwangwanaye huɗu masu girma ɗaya, a huda gindinsu. A cika na farko da ƙasa zalla. A na biyu a cuɗa ƙasa da garin katako daga wurin kafinta, rabi da rabi. A na uku a zuba ƙasa zalla, a shimfiɗa garin katako a samanta kawai. A na huɗu a yi irin cuɗin na biyu, a ƙara ɗan takin yuriya kaɗan. A shuka masara uku-uku a kowanne, a riƙa ba su ruwa daidai wa daida, a ajiye su wuri ɗaya. Kada a yi amfani da wake ko gyaɗa, domin su suna samun nitirojin daga iska ta hanyar bakteriyar da ke saiwarsu. Kowane mako ɗalibai su auna tsawo su rubuta launin ganye, har mako huɗu. A lura musamman da ganyen ƙasa, domin su ne ke fara yin rawaya, daga tsini zuwa tsakiya.

Tambayoyi

1. Me ya sa darbejiya ke tohowa bayan an sare ta, amma giginya ba ta yi?
2. Yi amfani da ma'aunin Mohs ka bayyana dalilin da ya sa ba a yin haƙoran injin niƙa da ƙarfe zalla.
3. Kututture mai faɗin santimita 80, wanda ya taso sama da santimita 10, aka niƙa shi zuwa zurfin santimita 20, lita nawa na itace aka cire, kuma kimanin lita nawa na ɓarɓashi za a samu?
4. Mene ne bambancin cuɗa ɓarɓashin itace da ƙasa da shimfiɗa shi a samanta?
5. Kawo yanayi biyu da tone kututture ya fi niƙe shi dacewa, da yanayi ɗaya da barinsa da rai ya fi.